Shekarar da Icce Ya Yi Yawa

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni kunne. Mai goyo ta gyara goyonta ta zauna nan gabana, don ita na fi so ta ji. Wagga magana ba tatsuniya ba ce. A tsakar gidana ta faru, ina tsaye, da hankalina.

Mace ɗaya na haifa, sauran duk maza, ita ce kuma ta fari. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta gaban mutane ba, in zan kira ta sai in ce, ke. Amma ina kallonta ta gefen ido, ina jin daɗi a raina. Allah ya yi yarinyar nan da ƙarfi. In tana lugude, daga bakin rijiya ake gane taɓaryarta. Ta kan jefa ta sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ba ta ɓata kiɗan ba. Tulun da mata biyu ke aza wa juna, ita kaɗai take ɗaga shi ta aza.

Anka yi mata aure a ƙasar Maradun, wajen Dosara, da wani yaro mai kunya, manomi ɗan manoma. Ba su daɗe ba ruwan madatsar Bakolori ya fara hawowa, anka tashe su daga bakin gulbi anka mai da su kan tudu, wuri mai tsakuwa. Da ya ga babu gonar kirki, sai ya shiga leburanci wurin masu ginar hanyar ruwa. Cikinta na wata bakwai anka kawo mini ita gida, nan Dakko, ƙasar Bakura, don haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta.

A shekarar nan ce katafila ta shigo gonakinmu. Anka ce za a baje ƙasar ta zama bai ɗaya, a jawo mata ruwa, a riƙa noma rani da damina. Duk iccen da ke tsaye sai da anka kayar da shi. Ɗorawa, tsamiya, kaɗanya, gawo, ba a bar ko ɗaya ba. Maigidana ya tsaya yana kallo anka ture ɗorawar da kakansa ya sha inuwarta, ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Mu mata kuwa, Allah ya gafarta mana, icce munka gani.

Ku na yanzu ba ku san wahalar iccen wanka ba. A ƙasarmu da tarin icce ake auna mijin mai jego. Mafi yawa kafin a cika kwana talatin iccen ya ƙare, a koma kara da kashin shanu, ruwa ya ɗan yi ɗumi a watsa a tashi. To, a shekarar nan surukina ya roƙi wani direban tifa, ya juye mana icce a ƙofar gida har ya fi katanga tsawo. Mata sunka riƙa zuwa kallo. Na ce a raina, yarinyar nan za ta sha wankan da ba a taɓa yi wa kowa ba a garin nan.

Ta haihu cikin bazara, ɗiya mace, lafiya lau. Wadda ta yanke cibi yayar maigidana ce, ungozomar unguwarmu, kowa Gwoggo yake ce mata, har ni. Ita da ni munka kama wanka. Safe da yamma, ƙatuwar tukunya sai ta tafasa tana bori, a tsoma ganyen runhu a fyaɗa mata a jiki, tururi ya rufe mu har ba mu ganin juna. Daga nan ta hau gadon ƙasa, garwashi jawur a ƙarƙashi, a saki asabari. Sannan kunun kanwa, babban ƙoƙo, da kanwar da ta ji har tana ɗaci. Haka anka yi mini, haka anka yi wa uwata. Abin da muke gudu ɗaya ne, kada sanyi ya shiga jikin mai jego tun yana ɗanye.

Kafin arba'in, jikinta ya cika. Fuska ta yi fam tana sheƙi, ƙafafu sunka yi ɓul-ɓul, awarwaro ya kama hannu. Mata masu zuwa barka sai su ce, "Kai, jego ya karɓe ta!" Ni kuwa in sunkuyar da kai, ina murna a ɓoye.

Washegarin arba'in na zuba gero a turmi na miƙa mata taɓarya. Ta ɗaga, ta sauke. Ta ɗaga, ta sauke. Ba ta kai goma ba ta jingina taɓaryar da turmi, ta dafa gwiwa tana haki.

Na ce, "Ke, mi ne ne haka?"

Ta ce, "Inna, hannuwana sun mutu."

Gwoggo tana zaune tana tsintar wake, ta kwashe da dariya. "Sun mutu? Wa ya yi musu salla? Kwana arba'in kina kwance ana ɗura miki kunu da ƙauri, ai dole su mutu. Tashi, 'yar nema, turmi bai san jego ba."

Yarinyar ta yi murmushi, ta sake ɗauka. Sau huɗu ta buga, ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Wallahi Gwoggo ba ƙyuya ba ce. Ji nake kamar an zuba mini yashi mai zafi cikin damtse. Cinyoyina ma haka, ko bayan gida na je."

Na ce mata hutu ne ya ɓata ta. Da bakina na faɗa. Ina duban wannan cikar jiki, na ce mai jiki haka ba ta da abin da za ta ce wa taɓarya.

Bayan kwana kaɗan Gwoggo ta kama ƙwaurinta ta danna da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya tsaya a lotse, kamar an danna tuwon da ya kwana. Ta dube ni ta ce, "Ba ta gasu ba. Sanyi ya riga mu shiga. A ƙara wuta, a ƙara kanwa, a ci gaba da wanka har ya fita."

Da wata shekara ce, da icce ya ƙare, da dole ta sa mun bari. Amma tarin nan ko rabi ba mu ci ba. Munka ƙara wata guda. Munka shiga na biyu.

Ina gani duniyarta tana ƙanƙancewa. Da fari rijiya ce ta gagare ta. Daga baya ƙofar gida. Daga baya rumbun da ke tsakar gida, sai ta huta sau biyu kafin ta taɓa shi. Salla ta koma yi zaune. In ta ɗaga hannu za ta ɗaura kallabi, sai ta sauke ta huta, sannan ta ƙarasa ƙullin. Ko tauna nama gajiyar da ita take. Kwanciya ta gagara, sai a jingine da bango, in ta miƙe tari ya taso. Jaririyar kuwa ba ta taɓa hawa bayan uwarta ba. Ranar da ta gwada, tun kafin a ɗaura majanyi gwiwoyinta sunka yi rawa, na karɓe. Ni ke goyo, ita ta bi mu da ido.

Wata safiya ina fyaɗa mata ganye, tururi ya ɗan yaye, na ga bayanta sosai. Daga ƙugu zuwa ƙasa kamar turmi. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu kuwa kara ne. Damtsen nan da ke jefa taɓarya sama ya tsiyaye, fata kawai ke reto. Na so in kama ta in ce, ɗiyata, ina ke miki ciwo? Kunya ta hana ni. Sai na ce, "Juya," na ci gaba da wanka.

Surukina ne ya katse abin. Ran Juma'a ya kan zo, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, ba mu haɗa ido. Rannan ya shiga ya gan ta, ya fito ya sami maigidana a zaure. Ina jin su ta bayan zana.

Ya ce, "Baba, ina neman alfarma. A ba ni ita in kai ta asibiti Mafara."

Gwoggo ta ɗaga murya daga ciki. "Mai sanyi a jiki za a ɗora bisa mota iska ya buge ta? Yaro, kai ka kawo icce, ka gama naka. Bar wa mata nasu."

Sai surukina ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwoggo, hannunta na kama, ban gane shi ba."

Maigidana ya ce a tafi.

Ran Talata munka bi motar 'yan kasuwa. A asibiti likita ya aza abin saurare a ƙirjinta da bayanta, ya daɗe yana ji, ya yi magana da Turanci. Wadda ta mayar mana da Hausa wata malamar asibiti ce, Kirista, mutuniyar kudu, gajeruwa, Hausarta a karkace amma ana ganewa. Ta ce zuciyar ce ta kumbura ta gaji. Ta ce cikar da muke yabo ruwa ne. Ta tambaye ni kwana nawa anka yi ana wanka, da yawan kanwar da nake sakawa. Da na nuna mata da hannu, sai ta rufe ido.

Na ce, "Malama, ni ban yi karatu ba. In zuciya ce ke ciwo, ai a ƙirji take. Mi ya kai ciwon ga hannu da ƙafa?"

Ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Mama, kin san murhu. Kowace tsoka a jikin mutum murhu ce, abinci ne iccenta, jini ne ke kawo mata iska. In zuciya ta kasa tura jini, wutar ba ta ci da kyau, sai hayaƙi. Zafin da take ji a damtse da cinya, hayaƙin ke nan. In abin ya daɗe, murhun da kansa ya lalace, ya ƙanƙance. Ko mun cire ruwan, ko numfashi ya dawo, ƙafafun nan ba za su tashi rana ɗaya ba. Sai an koya musu aiki kamar jariri."

Na ce, "To kanwa fa?"

Ta ce, "Kanwa da gishiri ruwa suke tarawa a jiki. Zafin wanka da na gado kuma gudu suke sa zuciya. Kun ɗora wa jaki mara lafiya kaya, kuna kuma kora shi." Ta ga fuskata, sai ta dafa ni. "Ba ke kaɗai ba ce, Mama. Duba gadajen can."

Na duba. Mata uku, kowace da jariri a gefe, kowace da uwa zaune a ƙasa kamar ni.

Mako biyu munka yi. Allura da ƙwayoyi sunka sa ta yi ta fitsari har ruwan ya tsiyaye. Abin da ya rage na ɗiyata, da hannu ɗaya za ka ɗauka. Amma ta kwanta ta miƙe, ta yi barci. Ranar sallama malamar ta ƙirga mini a yatsu: ba kanwa, ba gishiri, ba ruwan zafi, ba wuta ƙarƙashin gado. Ta sha ƙwaya kullum, in ta kusa ƙarewa a dawo. Kuma ta riƙa takawa kowace rana, kaɗan-kaɗan, in ta ji haki ta tsaya. Ta ce, "Kada ki tilasta ta, kada kuma tausayi ya sa ki kwantar da ita."

Ɗiyata ta ce, "Malama, yaushe zan goya ta?"

Ta ce, "In kin kai ƙofar gida kin dawo ba ki zauna ba."

Munka dawo, munka kama. Kowace safiya ta dafa sandar ubanta. Daga ƙofar ɗaki zuwa turmi. Bayan kwana biyar, daga turmi zuwa randa. Ta kan tsaya ta ce wa ƙafafunta, "Haba dai, ku da kunka san hanyar gulbi." Gwoggo ta daina shiga harkarmu, tana fushi, amma in ta zo sai ta ce, "Ina tsohuwar gidan? An kai rumbu yau, ko sai baɗi?" Yarinyar ta ce, "Gwoggo, ki shirya, tsere za mu yi." Ranar da ta kai zaure, ta leƙa ta ce, "Baba, ina kwana," maigidana ya amsa, ya juya fuska ga bango ya daɗe yana gyaran rawani.

Wata guda ke nan mafi daɗi da na sani.

Sai nono ya fara ƙafewa.

Ku tuna shekarar da muke ciki. Gonaki na hannun masu baje ƙasa, damina ta wuce ba mu shuka ba. Babu harawa, babu kara, awakinmu duk mun rabu da su. Fulanin da ke sauka fadamarmu sun ɗaga da shanunsu, don babu sauran fadama. A garin nan kaf ba ka samun madarar da za ka jiƙa wa jariri baki. Munka gwada koko, ta amayar. Munka nemi mai shayarwa, wadda munka samu nata ma bai ishi ɗanta ba. Jaririya ta kama mama ta ja, ta saki, ta tsala kuka. Daga baya kukan ma ya zama siriri. Maɗigarta ta faɗa.

Gwoggo ta zo da hantsi, ta kwance bakin zanenta, ta aje dunƙulen kanwa kan faifai. Ba ta yi wasa ba rannan.

Ta ce, "Ni dai tun da nake, ban san abin da ke kawo nono ba in ba wannan ba. Malamarku ta ba ku ƙwayar uwa. Ta ba ku ta ɗiya?"

Na ce, "An hana, Gwoggo."

Ta ce, "Na ji. Ki zauna ki zuba ido, ki binne biyu ko ki binne ɗaya." Ta tashi ta bar kanwar nan.

Kwana uku tana kan faifai. Ina kewaya ta kamar maciji. Ran na huɗu da safe na jiƙa ta, na dama kunu, na ce kaɗan zan sa. Na kai ɗaki. Tun daga ƙofa ta ji ƙanshin. Ta dube ni, ta dubi ƙoƙon, ta dubi jaririyar da ke kwance kan cinyarta.

Ta ce, "Inna, da kanwa?"

Na ce, "Kaɗan ce."

Ta ce, "Zai kawo?"

Na ce, "Haka munka taras ana faɗi."

Ta miƙo hannu biyu, don ɗaya ba ya iya riƙe ƙoƙo. Ta yi bisimilla ta shanye. Ta ce, "Gobe ki ƙara. Kada ki gaya wa babanta."

Nono ya dawo. Ko kanwar ce, ko geron ne, ko lokacinsa ne ya yi, Allah kaɗai ya sani, ni har yau ban sani ba. Jaririya ta fara cika. Da na ga haka hannuna ya saki, kaɗan ta zama da yawa. Tafin ƙafarta kullum sanyi ƙalau, na ce ɗan garwashi ba zai yi komai ba, na mayar ƙarƙashin gado. Ƙwayoyi sunka ƙare. Ya kamata in koma Mafara, amma na san abin da malamar za ta fara tambaya, ba ni da fuskar da zan dube ta. Na ce sai Talata mai zuwa. Talata ta zo, na ce sai ta gaba.

Zaure ya gagara. Rumbu ya gagara. Da na ga tana haki a bakin randa, leɓɓanta sun yi duhu, na karɓe sandar na ce ta kwanta ta huta hakanan. Duk abin da anka ƙirga mini a yatsu, sai da na karya shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma don tausayi.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗago, ta ce, "Inna, ɗora mini ita."

Na ce, "Ba ki kai ƙofar gida ba."

Ta ce, "Na sani. Ɗora mini."

Na tashe ta tsaye, ta dafa bango. Na aza mata jaririyar, na ja zane, na ɗaure majanyi da kaina don yatsunta sun kumbura. Ta saki bangon. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ina bayanta hannuwana a buɗe. Ta fita ƙofar ɗaki, rana ta taɓa su su biyu. Taku bakwai na ƙirga. A na bakwai ta kai turmi, ta dafa bakinsa, ta sulale ta zauna a ƙasa. Ta daɗe ba ta iya magana ba. Jaririyar tana wasa da kitsonta.

Da numfashi ya ɗan dawo, ta ɗago kai tana murmushi. Ta ce, "Inna, ta yi nauyi. Alhamdu lillahi, ta yi nauyi."

Rannan na aika a kira mijinta. Munka kai ta Mafara a bayan tifa, a jingine da ƙirjina. Malamar ta danna ƙwaurin, ta dube ni. Ta ce, "Mama, kin ba ta?" Na ce na ba ta. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ɗiyata ce ta buɗe ido ta ce, "Ni na ce a ba ni." Sunka yi iyakar ƙoƙarinsu. Wannan karon ruwan ya ƙi fita. Kwana uku, ran na huɗu da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Surukina bai taɓa tambayata komai ba. Na gaya mishi maganar kanwar da kaina ran sadakar bakwai, ta bayan zana. Ya ce, "Inna, kwananta ne ya ƙare." Da aikin ginar ya ƙare ya tafi kudu neman abinci, can ya yi wani aure, can ya rasu. Har ya bar duniya kowace salla sai ya aiko mini da turmin atamfa.

Maigidana an mayar mishi da gona bayan shekaru, ba inda tasa take ba. Ya noma ta damina huɗu, ya bi ɗiyarsa.

Gwoggo ta tsufa ƙwarai, ta makance. Har ta mutu tana cewa da an bar ta ta ƙarasa gashin nan tun farko, da yarinyar na nan. Ban taɓa yi mata musu ba. Ita ma son ta take.

Malamar an ɗauke ta daga Mafara zuwa wani gari. Na je da ƙwai in ba ta, anka ce ta tafi tun watan jiya.

Jaririyar ta rayu. Wata matar ƙanena da ta haihu a makon rasuwar ita ta shayar da ita, ni na yaye ta. Tana aure a Ruwan Gizo, ɗiyanta shida. Duk shidan ni na yi mata jego, da ruwa mai ɗumi da kunun tsamiya, dangin mijinta suna ta gunaguni.

Ni kuwa ga ni. Da can duk gidan da anka haihu a unguwar nan sai an aiko a kira ni wanka. Na je gida biyu, na uku anka ce tsohuwar nan hannunta ya yi sanyi, rowar icce take, rowar kanwa take. Tun daga nan ba a sake aikowa ba.